Isaka da Ƙarfen da Aka Ce Ya Sha Jini

Da an sallame sallar asuba a Gidan Jima, ƙauyenmu da ke bayan Azarori, sai Isaka ya dafa katangar masallaci da tafin hannu, ya bi ta sannu a hankali har ya kai rumfarsa ta karan dawa. Idonsa ya tafi saura kaɗan, hannun ne ke yi masa jagora yanzu. Yakan shimfiɗa tsohon buhu, ya jera sifanoni daga ƙarama zuwa babba, sa'an nan ya yaye tabarmar da ya lulluɓe babur ɗinsa da ita. Babur ne mai ƙafa uku, gabansa na babur, bayansa na mota, da shimfiɗar ƙarfe shuɗiya wadda mutum zai kwanta a kai ya miƙe ƙafa. Sai ya share shi da tsumma, ya kwance buji, wato filogin inji, ya hura, ya mayar, ya take. Injin ya tashi. Ya karkata kai yana sauraro kamar mai jin numfashin jariri, in ya gamsu ya kashe, ya zauna bakin rumfa yana amsa gaisuwar masu wucewa gona.

Suna gaishe shi kuwa, ba laifi. Gaisuwa ai ba ta cin ko ƙwayar hatsi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a wannan shekara ta tamanin da takwas Isaka ya daina tuƙi, kuma har yau ban ga wanda ya tara mutane ya ce masa an gode ba. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In jinjinar nan ta zo da zafi, mutanen garinmu su yi haƙuri, su suka hura wutar.

Isaka ɗan maƙera ne, kakanninsa ke ƙera wa Gidan Jima kalme da lauje tun zamanin da ake kai wa masu raƙuma hatsin shekara. Yana saurayi ya tafi Madawa, ya shiga garaji, ya koyi kwance inji da walda, ya komo gida da sana'a biyu a hannu. Matarsa ta fari ta rasu a kan amalanken shanu, ana hanyar kai ta likita da naƙuda, rana tsaka, shanun suna tafiyarsu ta shanu. Bai yi ta ba da labarin ba. Amma tun daga ranar duk tsohon ƙarfen da ya gani a gefen hanya sai ya tsaya ya juya shi da ƙafa, yana lissafin inda zai shiga.

Ya sami gaban wani babban babur da ya mutu a Madawa. Ya sami injin wata ƙaramar motar Turawa da masu ƙetara hamada suka yar a bakin titi, irin injin da ba ya shan ruwa, iska ke sanyaya shi. Abin da ya rasa shi ne gindin da zai ɗauki mai ciwo a kan duwatsun Adar ba tare da ya farfashe ba. Wannan kuwa yana nan kwance a cikin kori, wato kwarin da ruwan damina ke bi, wanda ya raba garinmu da hanyar Madawa, kowa na ganinsa, ba mai zuwa kusa.

A shekarar yunwar saba'in da huɗu wata bashe shuɗiya, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ta ɗauko buhunan taimako da mutane a samansu, burki ya ƙi a gangaren korin, ta kifa. An yi rashi. Cikin waɗanda suka rasu har da Inuwa, karen motar, ɗan Takawa, wani dattijon manomi da ake jin maganarsa a gari. Tun daga nan aka bar gawar motar a wurin. A wajenmu an yarda cewa ƙarfen da ya sha jinin mutum ba ya ƙoshi, duk inda aka kai shi sai ya nemi ƙari. Ko yaro ya tsinto ƙusa daga irinsa sai uwarsa ta mare shi ta sa ya mayar.

Isaka ya ɗauki jaki da guduma ya shiga korin da rana kata, kowa na kallo. Ya kwanto ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, ya kwanto lam, wato faffaɗan ƙarafunan nan da ke hana mota jijjiga, ya ciro ƙofar baya mai shuɗin fenti. Watanni yana kai da komo tsakanin maƙerarsa da garajin Madawa, yana yanka, yana haɗawa, yana kwancewa. Ba shi da madubin walda, da fasasshen kwalba da ya turara da hayaƙin fitila yake kare ido. Ranar da abin ya tashi ya zaga gari da shi, yara na binsa da gudu, manya kuwa suka ja da baya, domin kowa ya gane shuɗin nan.

Wani abokinsa ya ja shi gefe ya ce, "Isaka, shahwa mai baƙin henti mana, ka ce daga Ƙonni kas sawo shi. Wa za ya sani?"

Isaka ya ce, "Allah ya sani, ni ma na sani. Ba ni ɗaukar marar lahiya bisa ƙarya."

Da ya yi ƙaryar da ya huta, kuma da wataƙila maƙwabciyarsa Husaina na raye. Amma ba zan ɗora masa wannan ba, na san inda zan ɗora shi.

Takawa ne ya kai ƙara wurin maigari Ango. Ya nuna babur ɗin da sanda ya ce, "Ranka shi daɗe, bisa ƙyauren ga ɗana yak kwanta yac cika. Da hannuna na ɗauke shi. Yau maƙeri ya maishe shi abin yawo cikin gari, ina hita in gan shi, ina shiga in ji kukanai. Kuma wai matanmu za a aza bisa. Ƙarhen ga bai ƙoshi ba, ku ji ni da kyau."

Isaka ya tsuguna ya ce, "Baba, na san zahin da kaka ji. Ni ma na bizne tawa. Ƙarhe ba shi da ciki balle shi ji ƙishirwa. Tahiyar shanu ta kashe mani mata, ba ni son ta kashe ta wani."

Ba zan zagi Takawa ba, uba ne da aka yi wa rashi, baƙin ciki ke magana da bakinsa. Waɗanda nake jin haushi su ne sauran, masu lafiyayyun 'ya'ya da cikakken hankali, da suka gyaɗa kai kamar ƙadangaru don kada a ce sun saɓa wa dattijo. Maigari ya yanke cewa babur ɗin zai iya ɗaukar albasa da hatsi zuwa kasuwar Bangi, amma ba mutum ba. Matasa suka laƙaba masa suna Sha-Jini. Aka riƙa ɗora masa buhuna ana dariya, mutumin da ya ɓata idonsa don ya ceci rai aka mai da shi ɗan dako.

Kaka ta zo, naƙuda ta tsaya wa Husaina, matar wani maɗinki, maƙwabciyar rumfar Isaka. Isaka ya tayar da inji ya tsaya a ƙofar gidan yana roƙo. Mijin ya leƙo, ya dubi shuɗin ƙarfen, ya dubi jama'a, ya aika a ɗauro shanu. Isaka ya bi amalanken a baya da babur ɗinsa wayam, yana tafiyar shanu, ko za su canza shawara a hanya. Ba su canza ba. Ba a kai rabin hanya ba aka juyo da ita a lulluɓe. A wurin zaman makoki aka ce kwananta ne ya ƙare, kuma na ji da kunnena wani yana cewa ai inuwar Sha-Jini ce da ta bi su. Wato an hana shi ɗaukarta, ta mutu, kuma laifin nasa ne! Isaka ya rufe rumfarsa kwana biyu, amma bai kwance babur ɗin ba.

Damina ta zagayo. Zali, 'yar autar Takawa, ƙanwar marigayi Inuwa, ta komo gidan iyayenta goyon ciki kamar yadda al'ada ta tanada ga haihuwar fari. Don haka maganar ba ta hannun miji, tana hannun uba. Naƙuda ta kama ta tun jiya, ungozoma ta yi iyakar yinta, da gari ya waye ta fito ta ce abin ya fi ƙarfinta. Lalla, uwar yarinyar, ta durƙusa gaban mijinta ta ce a kira Isaka. Takawa ya ce sai dai bayan ransa. Aka yi ta jiƙa rubutu, aka yi ta turare, hantsi ya ɗaga, rana ta take tsaka, muryar Zali tana ƙara yin ƙasa.

Da azahar ta gabato Lalla ta yafa zane ta fita ba ta nemi izni ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Ta sami Isaka a rumfa, ashe tun safe ya zuba mai ya shimfiɗa tabarma a bayan babur yana jira. Ta ce, "Isaka, ni na haihi Inuwa, ni na haihi Zali. Ƙarhen ga ya amshe mani guda. In shina son ta biyu, shi amsa ina kallo, ya hi in zamna ɗaka in ga ta mace. Taso."

Matan gida suka ɗauko Zali suka kwantar da ita a kan shuɗin ƙyauren, Lalla ta hau ta rungume kanta. Takawa ya dawo daga masallaci ya tarar da ɗaki wayam. Ya ɗauki sandarsa ya bi sawun taya da sauri, yana rantsuwa sai ya maido 'yarsa, mazan gari suka dafa masa baya, wasu don su ba shi haƙuri, mafi yawa don su ga ƙarshen abin.

Sun cim musu a bakin kori. An yi ruwa a kan dutse da safe, korin ya kawo, jan ruwa yana gudu har cinya, daidai gangaren da bashe ta kifa. Isaka ya san in ruwa ya taɓa buji an gama, sai ya kashe inji, ya naɗe shi da rigarsa da ledar buhu, ya shiga ruwan yana jan babur ɗin da hannu, Lalla ta sauka tana turawa. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku kama mani! Mutum huɗu sun isa!"

Maza sun fi ashirin a kan gaɓa, ƙarti masu ɗaukar buhun albasa da hannu ɗaya. Ba wanda ya motsa. Kowa ya harɗe hannu a baya don kada ya taɓa ƙarfen. In na tuna wannan tsayuwar har yau sai abinci ya fita kaina.

A tsakiyar ruwa tayar hagu ta nutse cikin yashi, babur ya karkata, ruwa ya fara lasar tabarmar da Zali ke kwance. Ta yi wata 'yar ƙara, ba mai ƙarfi ba, ta ce, "Baba." Waɗanda ke kusa da Takawa sun ce sandar ce ta fara faɗuwa daga hannunsa. Ya faɗa ruwan da babbar rigarsa, ya kutsa, ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin shuɗin ƙyauren nan da ya rantse ba zai ko dube shi ba, ya manna kuncinsa a jikinsa. Isaka, wanda ke gaba, ya ji abin da tsohon ke faɗi cikin kuka. Yana cewa, "Inuwa, kama mani. Ƙanwarka ta. Kama mani, ɗana."

Sai a lokacin kunya ta kori tsoro, maza suka zubo cikin ruwa, aka ɗaga babur ɗin cak aka dire shi a ƙetare. Isaka ya kwance rigar, ya share buji, ya take, injin ya tashi. Takawa ya hau baya ya riƙe ƙafafun 'yarsa har Madawa.

Zali ta rayu, tana nan da 'ya'yanta. Jaririn bai zo da rai ba. Ungozomar likita ta fito tana share hannu ta tambaye su tun yaushe aka fara, da aka gaya mata sai ta ce da da safe suka zo da sun koma da goyo. Takawa ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Isaka bai ce masa ai na gaya maka ba, ranar ko bayanta. Ya je ya samo masa ruwa a kwano.

Kai ne, Isaka, ɗan maƙera mai ta da mataccen ƙarfe. Kai ne aka hana ka aikin alheri ka ƙi yin zuciya, aka yi maka dariya ka ci gaba da zuba mai kana jira. Da ni ne da na tura abin cikin kori na koma ƙirar lauje, kowa ya ji da shanunsa. Kai ba ka yi haka ba, kuma rabin yaran da ke tsalle a dandalin Gidan Jima yau sun san hanyar Madawa tun suna ciki, a bayan babur ɗinka.

Daga ranar korin dokar maigari ta mutu ba tare da an yi shelar janye ta ba. Fiye da shekara goma Isaka yana kan hanya. Ya ɗauki wanda kububuwa ta sara a gona, ya ɗauki makiyayin da bijimi ya tsire a cinya, ya ɗauki yara a shekarar ƙyanda har uku uku. Daga ƙauyukan Buza ana aiko masa, har daga wajen Garhanga an taɓa zuwa nemansa. In lam ya karye ya nemo na wata matacciyar mota ya yanka daidai, in taya ta fashe ya cusa mata ciyawa ya ƙarasa. Ya bar tuwo a kwano, ya bar shuka a rabi, ya bar sallar idi ana tsaka da huɗuba. Kuma duk karyewa walda ce, duk walda kuwa da ɗan abin da take ɗiba a idonsa.

To me muka saka masa da shi? Sunan Sha-Jini bai fita bakinmu ba, har matan da ya ceta haka suke kiransa. Da aka kawo wata farar motar ɗaukar marasa lafiya kyauta a yankinmu, mun yanka rago, mun kira makaɗa, mun sa sababbin riguna, aka ce wa Isaka ya ja abinsa bayan rumbu kada baƙi su gani mu ji kunya. Motar ba ta ga damina biyu ba ta tsaya, kaji suka gaje ta, muka koma ƙofar rumfar Isaka ko kunya babu. Ya tayar da inji. Tun da yake aikin nan ba a taɓa yanka masa ko zakara ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Shekara da shekaru yana roƙon a ba shi wanda zai koya wa, 'ya'yansa duka mata ne kuma sun yi aure nesa. Ba wanda ya bayar. Wannan ya ce su ba maƙera ba ne, ba su gaji taɓa baƙin ƙarfe ba. Wancan ya ce ɗansa zai tafi cin rani Abijan. Mun yarda maƙeri ya ɗauki matanmu a kan ƙarfensa, amma ɗanmu ya fi ƙarfin ya riƙe masa sifana. Tsoron jini ya tafi, girman kai ya zauna a gurbinsa.

A daminar bana naƙuda ta tsaya wa wata yarinya a unguwar yamma. Aka rugo wurin Isaka bisa sabo. Ya miƙe, ya laluba, ya kama kan babur, sa'an nan ya tsaya, domin ko bishiyar da ke gaban rumfarsa ba ya rarrabewa. Ya ce, "Wa ya iya tuƙi cikinku? In zamna baya in gwada mai." Aka dubi juna, babu ko ɗaya. Sai aka ɗauro shanu. Yana tsaye riƙe da kan babur yana jin ƙarar amalanken tana nisa, hawaye na zuba daga idon da ba ya gani. Allah ya sa yarinyar ta kai da rai, amma wannan ba wayonmu ba ne.

Takawa ya tsufa tukuf yanzu, shi ne abokin zaman Isaka a bakin rumfa kullum, yakan jingina bayansa da shuɗin ƙyauren. Da na gaya musu zan rubuta wannan, Isaka ya ce in bar shi, ba abin faɗi ba ne. Takawa ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Rubuta. Ka ce masu ni Takawa na yi gardama, jikana na biya. Su mi suka jira su biya?"

Na rubuta, Baba. Kai kuma Isaka, mun gode, ko da godiyar ta zo a makare kamar yadda muka saba kawo maka komai. Allah ya saka maka da abin da muka kasa, ya haskaka maka inda ido ba ya kaiwa, ya jiƙan matarka da Husaina da Inuwa.

Ku kuma mutanen Gidan Jima, da na Azarori, da duk mai ɗa ko ƙane da ke zaune gindin bishiya yana jiran motar Abijan, kada ku kawo masa rago, ba ya bukata. Ku kawo masa mutum. Hannunsa na gani, kunnensa na gani, abin da ke kansa bai tafi ba tukuna. Gobe da safe zai dafa katangar masallaci ya zo ya yaye tabarma, ya share buji, ya take. Injin na tashi bugu ɗaya. Mai hawa ne babu.